LAFIYAR HANKALIN MATASA: AIKIN DA YA RATAYA A WUYAN UNGUWA

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin iyaye, da malaman makaranta, da shugabannin addini, da masu unguwanni, da iyayen gida masu koyar da sana'a, da shugabannin ƙungiyoyin samari da 'yan mata, da dukkan wanda ke da hannu a cikin tarbiyyar matasa a ko'ina cikin ƙasar nan. Nufinsa shi ne a bayyana wa jama'a cewa hankali yana yin ciwo kamar yadda jiki yake yi, kuma ciwon yana da magani. Har ila yau ana so a nuna cewa mafi yawan taimakon da matashi yake bukata a farkon lamarin yana hannun mutanen da suke kwana suna tashi tare da shi. Likita ba ya zaune a kowace unguwa, amma babu unguwar da ba ta da uwa, da malami, da dattijo, da aboki. Ana roƙon wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya karanta ta a tsanake, ya kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Mece ce lafiyar hankali?

Idan aka ce mutum yana da lafiyar hankali, ana nufin yana iya jure wa wahalhalun yau da kullum, yana iya koyo da yin aiki, yana iya zama da mutane lafiya, kuma yana amfanar kansa da jama'arsa. Wannan bai hana shi yin baƙin ciki ran da aka yi masa rasuwa, ko fargaba ran da zai shiga jarrabawa ba. Waɗannan halin ɗan Adam ne, suna zuwa suna wucewa. Ana kiran abin ciwo ne idan ya daɗe, ya yi tsanani, har ya hana mutum barci, ko cin abinci, ko karatu, ko sana'a, ko shiga cikin mutane.

Da yawa daga cikinmu idan suka ji an ambaci taɓin hankali, sai su tuna da mutumin da ke yawo a kasuwa da tsummoki. Irin wannan kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu fama da ciwon. Mafi yawansu suna cikin gidajenmu, da tufafinsu masu tsabta, suna gaishe mu safe da yamma, ba mu san abin da ke cin su ba. Ciwon damuwa, da ciwon fargaba, da kamuwa da shaye-shaye, su ne suka fi yawa a tsakanin matasa.

Me ya sa aka ware matasa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 a duniya, ɗaya yana fama da wani nau'i na ciwon hankali. Ta kuma bayyana cewa kimanin rabin irin waɗannan cututtuka suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, sai dai akasari ba a gane su a lokacin. A nan gida kuwa, wani bincike da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya wallafa a shekarar 2021 ya nuna cewa ɗaya daga cikin matasan Nijeriya shida 'yan shekara 15 zuwa 24 da aka tambaya ya ce sau da yawa yakan ji damuwa, ko fargaba, ko rashin sha'awar yin komai.

Masana sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama nuna ba sai ya kai wajen shekara 25, kuma sashen da ke auna abu kafin a aikata shi yana daga cikin na ƙarshen nuna. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ake ɗora wa matashi kaya masu nauyi: jarrabawa, da neman sana'a, da aure, da barin gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ciwon da aka tara da wuri yakan yi sauƙin magani, wanda aka ƙyale kuwa yakan raba yaro da makaranta, ya bi shi har girma.

Abubuwan da ke jawo shi

Ba kasafai dalili guda yake jawo ciwon hankali ba. Abubuwa ne suke taruwa. Akwai gado, domin wasu cututtukan sun fi yawa a wasu zuri'o'i, ko da yake samunsa a dangi bai wajabta shi a kan kowane ɗa ba. Akwai abin da yaro ya gani ko aka yi masa: duka mai tsanani, da fyaɗe, da rigimar iyaye, da mutuwar uwa ko uba, da tashin hankalin da ya raba mutane da garuruwansu. Akwai talauci da zaman kashe wando bayan an gama makaranta. Akwai kuma kaɗaici. Saurayin da ya bar ƙauyensu ya tafi Legas, ko Badun, ko Anaca, ko Fatakwal neman kuɗi, yana kwana a rumfa, ba shi da wanda zai gaya wa damuwarsa, yana cikin haɗari fiye da wanda ke gaban iyayensa. Haka nan yarinyar da aka kai aikatau gari mai nisa. Ƙarancin barci ma yana da nasa rabo, domin matashi yana bukatar awa 8 zuwa 10 a dare, amma da yawa suna raba dare a kan wayar hannu.

Sai kuma shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 sun sha tabar wiwi, miliyan 4.6 sun sha ƙwayoyin kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari don maye. Ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Abin lura a nan shi ne shaye-shaye yana jawo ciwon hankali, ciwon hankali kuma yana jefa matashi cikin shaye-shaye. Sau da yawa yaron da ake kira ɗan iska ya fara shan ƙwaya ne don ya sami barci, ko ya manta da wani abin da ke damunsa, ko ya jure aikin ƙarfi.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Babbar alama ita ce canjin hali wanda ya daɗe, musamman idan ya kai mako biyu ko fiye. A lura da waɗannan:

1. Janye jiki daga abokai da 'yan'uwa, da kulle kai a ɗaki.
2. Rashin barci, ko barcin da ya wuce kima.
3. Ƙin abinci da rama, ko cin da ya wuce na da.
4. Faɗuwa a makaranta, ko sakaci da sana'a, ga wanda a da mai himma ne.
5. Saurin fushi, ko yawan kuka ba tare da dalilin da aka sani ba.
6. Yawan ciwon kai, ko ciwon ciki, ko faɗuwar gaba, alhali an auna a asibiti ba a ga komai ba.
7. Barin wanka da tsabtar tufafi.
8. Jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko zargin cewa ana bin sa za a cutar da shi.
9. Maganar cewa ba shi da amfani, ko gara a ce babu shi a duniya.

Alama guda ta kwana ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ce. Amma idan biyu ko uku suka haɗu, kuma suka ƙi wucewa, to lokacin yin magana ya yi.

Darasin ƙauyukan Aro

Mai yiwuwa wani ya ce wannan aikin likitoci ne, ina ruwan unguwa? Amsar tana cikin tarihin ƙasarmu. A shekarar 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Ya nemi yardar dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, aka riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye. Kowane majinyaci yana tare da wani nasa, uwa, ko 'yar'uwa, ko goggo, wadda ke dafa masa abinci tana kula da shi. Da rana ya je asibiti a yi masa magani, da yamma ya koma cikin jama'a. Likitan ya kuma yi aiki tare da wasu masu maganin gargajiya waɗanda mutane suka amince da su. An ga cewa marasa lafiyar da suka zauna cikin mutane sun fi saurin komawa ga harkokinsu, kuɗin jinyar kuma ya yi sauƙi. Labarin Aro ya bazu a duniya, shi kuma Lambo daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

An sake ganin irin wannan a Harare ta ƙasar Zimbabuwe, inda likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari masu damuwa, su taimake su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Sakamakon gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka zauna da tsofaffin sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka ba kulawar da aka saba.

Akwai kuma dalili na lissafi. A shekarar 2022 likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma mafi yawansu a manyan birane suke. Idan aka ce sai kowane matashi mai damuwa ya ga ɗaya daga cikinsu kafin a taimake shi, to mafi yawa ba za su taɓa samun taimako ba. Saboda haka ne tun a 1991 manufar ƙasa ta sanya kula da lafiyar hankali a cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko, kuma a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da yi musu magani.

Wa zai yi me?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa yana da abin da ya fi kusa da shi.

Iyaye su ne na farko. Su ware lokacin hira da 'ya'yansu wanda babu faɗa ko aike a cikinsa. A al'adarmu akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, don haka idan yaro ba zai iya buɗe ciki ga mahaifinsa ba, a nemi kawu, ko baffa, ko goggo, ko kaka, wanda yake sakewa da shi. Wannan tsohuwar hanya ce, kuma har yanzu tana aiki.

Malamin makaranta yana ganin yaro awa biyar ko shida a rana, yana kuma da wasu yara tsararrakinsa da zai gwada shi da su. Idan ɗalibi mai ƙoƙari ya fara fashi ko barci a aji, a kira shi gefe a tambaye shi kafin a ɗauki bulala. A hana manyan ɗalibai cin zalin ƙanana, musamman a makarantun kwana.

Mai gidan da ke koyar da sana'a, ko makanike ne, ko tela, ko kafinta, da shugaban 'yan acaɓa, da sarkin tasha, su ne iyayen yaran da suka baro gida. Su san inda yaransu ke kwana da abin da suke sha don su jure aiki. A garuruwan kudu, inda baƙi ke sauka a Sabo da zango, sarkin Hausawa da masu masauki su san sababbin zuwa, su haɗa kowane yaro da wani babba daga yankinsu.

Limamai da fastoci su ne mutane suka fi fara kai wa kuka. Addu'a tana kwantar da zuciya, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Shugaban addinin da ya ce wa iyaye, mu yi addu'a, gobe kuma ku kai shi a duba shi, ya yi babban taimako. A cikin wa'azi kuma a riƙa tunatar da jama'a cewa mai wannan ciwo ba ƙarancin imani ne ya jawo masa ba.

Ƙungiyoyin samari, da kulob na ƙwallo, da ƙungiyoyin mata, da majalisun hira na ƙofar gida, su ne inda matashi ke jin cewa yana da mutane. Idan ɗayanku ya daina fitowa, kada ku ce ya yi girman kai. Ku je ku same shi.

Mai unguwa da kwamitin ci gaban unguwa kuwa, aikinsu shi ne su haɗa waɗannan duka. Yana da kyau su zaɓi mutum biyu ko uku, maza da mata, masu haƙuri da riƙon asiri, su roƙi ma'aikacin lafiya na yankin ya koya musu alamomin ciwo da inda ake kai mara lafiya. Su kuma kare filin wasan yara daga masu son gina shi, su sa ido a kan masu sayar da ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba, su kai rahotonsu ga hukuma.

Yadda ake magana da matashi mai damuwa

A nemi wurin da babu idon jama'a, a lokacin da ba a cikin fushi. A fara da abin da aka gani, ba da zargi ba. Alal misali kawu yana iya cewa: “Ɗana, kwana biyu na ga ba ka fitowa majalisa, abincinka ma ana mayar da shi. Me ke damunka? Ni kawunka ne, abin da ka gaya mini ba zai zama abin hira ba.” Daga nan sai a yi shiru a ba shi dama. Mai yiwuwa ya ce, “Babu komai, Kawu.” Kada a matsa. A ce masa ƙofa a buɗe take, a sake komawa bayan kwana biyu.

In ya fara magana, a bar shi ya kai aya. Kada a katse shi da nasiha, kada a ce masa wane ya fi shi shiga wahala, kada a ce namiji ba ya kuka. Kalmar haƙuri tana da kyau, amma idan aka yi saurin faɗinta takan zama kamar an ce ya rufe bakinsa. Bayan an saurara, sai a tambaye shi wace matsala ce ta fi damunsa, a ɗauke ta ita kaɗai, a duba tare da shi abin da za a iya yi a cikin makon nan. Ƙaramin mataki da aka cika ya fi babban alkawarin da aka saɓa.

Riƙon asiri wajibi ne. Matashin da ya ji sirrinsa a bakin 'yan unguwa ba zai sake gaya wa kowa komai ba. Wuri ɗaya ne kawai ba a alkawarin yin shiru, wato idan akwai haɗari ga ransa ko ran wani. A nan sai a gaya masa a fili cewa dole a nemo taimako, a kuma ba shi zaɓin wanda za a fara sanarwa.

Lokacin da ba a jira

A kai matashi asibiti nan take idan ya yi maganar kashe kansa ko ya yi yunƙurin haka, ko ya rikice yana neman cutar da wani, ko ya daina ci da sha gaba ɗaya, ko ya sha ƙwaya har ba ya farkawa. Haka kuma idan ruɗewa ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sanƙarau suna taɓa ƙwaƙwalwa, kuma suna kisa cikin gaggawa. Yarinyar da ta haihu, ta daina barci, ta fara surutai ko ta ƙi jaririnta a cikin makonnin farko na jego, ita ma a gaggauta kai ta. Ciwo ne sananne, kuma yana warkewa.

Game da kisan kai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29. Mutane da yawa suna tsoron cewa tambayar matashi ko yana tunanin kashe kansa za ta sa masa tunanin. Bincike ya nuna ba haka ba ne. Tambaya cikin natsuwa takan sauke masa nauyi. Idan ya amsa da i, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari, da ƙwayoyin magani, da makamai daga inda zai kai gare su, kuma kada a zage shi ko a tsorata shi. Irin wannan hali yakan zo ya wuce, kuma wanda aka tsare a sa'ar tsanani yawanci yakan rayu.

Ina za a kai shi?

A fara da asibiti mafi kusa. Ma'aikacin lafiya zai duba, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura gaba zuwa babban asibiti ko asibitin koyarwa. Gwamnatin Tarayya tana da asibitoci na musamman domin wannan aiki, daga cikinsu akwai na Aro a Abekuta, da Yaba a Legas, da Uselu a Binin, da Inugu, da Kalaba, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri. Mafi yawan masu zuwa ana duba su ne su koma gida a ranar. Kada a tura matashi shi kaɗai, a raka shi, a riƙe masa katinsa, a tuna masa ranar komawa.

Ba kowa ne ake ba ƙwaya ba. Ga ciwon damuwa mara tsanani, musamman ga yara, zaman shawara da gyaran yanayin gida da makaranta su ne kan gaba. Idan likita ya rubuta magani, a sani cewa na ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa. Kada a daina don ba a ga canji a kwana uku ba, kada kuma a daina don an ga sauƙi, sai da shawarar likita. Kada a sayi irin wannan magani a hannun masu talla.

Mari da duka ba magani ba ne

A shekarar 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane, akasarinsu yara da samari, daga wasu gidajen mari a jihohi daban-daban na arewa da kudu, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Da yawa iyayensu ne suka kai su da kyakkyawar niyya, don sun rasa yadda za su yi. Ya kamata kowa ya sani cewa sarƙa, da yunwa, da duka, ba su taɓa warkar da ciwon hankali ko shaye-shaye ba, sai dai su ƙara wani ciwon a kan na da.

Doka ma ta sauya. Shekaru da dama ƙasar nan tana aiki da dokar 1958, wadda ta fi mayar da hankali ga tsare mara lafiya. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa. Dokar ta ba mai wannan ciwo haƙƙin a kare shi daga azaba da wulaƙanci, da a riƙe asirinsa, da a sa shi cikin shawarar maganin da za a yi masa, ta kuma hana nuna masa bambanci wajen aiki, da masauki, da neman magani.

Bayan an dawo gida

A nan ne aikin unguwa ya fi nauyi. Matashin da ya sami sauƙi yana bukatar ya koma makarantarsa ko wurin sana'arsa, a ci abinci da shi a kwano ɗaya, a gayyace shi biki da suna, a kira shi da sunansa. A hana yara yi masa waƙa ko jifa. Ciwon hankali ba ya yaɗuwa ta zama tare ko cin abinci tare. Mutane da yawa da suka yi fama da shi sun gama karatu, sun yi aure, suna riƙe da gidajensu. In ciwon ya nuna alamar dawowa, a koma asibiti da wuri, kamar yadda ake yi da hawan jini ko ciwon sukari.

A kuma tuna da masu jinya. Uwar da ta yi watanni tana kula da ɗanta tana gajiya, ita ma tana bukatar wanda zai karɓe ta, da wanda zai saurare ta. Masu aikin sa kai a unguwa su riƙa haɗuwa lokaci lokaci da ma'aikacin lafiya, su san iyakar abin da za su iya. Aikinsu shi ne lura, da sauraro, da rakiya. Gane irin ciwon da rubuta magani aikin ma'aikatan asibiti ne.

Kammalawa

Ranar 10 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce Ranar Lafiyar Hankali ta Duniya, an kuwa fara kiyaye ta tun 1992. Ana shawartar kowace unguwa, da makaranta, da ƙungiya, ta yi amfani da ranar ta gayyaci ma'aikacin lafiya ya yi wa jama'a bayani. Amma kada a jira sai ranar. Mai karatu, duba gidanka, da ajinka, da shagonka. Idan akwai yaro ko yarinyar da ta yi shiru fiye da yadda ka san ta, nemi lokaci yau ka zauna da ita, ka tambaye ta, ka saurara. In abin ya fi ƙarfinka, ka raka ta asibiti. Ɗa na kowa ne, rigakafi kuma ya fi magani.